Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Limaman Juma'a Na Jihar Bauchi: A Yi Mana Huɗuba Kan Rabon Abinci A Gida

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, ɗaya daga cikin masu bin ku salla ranar Juma'a. Ba ni da ilimin da zan tsaya gabanku in yi fatawa, roƙo kawai na kawo. Ina roƙon ku hau mumbari ku yi wa magidanta magana kan yadda ake raba abinci a gidajenmu: wa ake fara zuba wa, wa ke samun tsokar nama, wa kuma ke jiran ƙanzo.

Akwai dalilin da ya sa na nufo ku ban nufi Gidan Gwamnati ba. Duk ranar awon ciki da ranar rigakafi mukan tara mata a rumfar asibiti mu yi ta bayani: ki ci wake, ki ci ganye, ki ba yaro ƙwai. Su saurara, su gyaɗa kai, can sai wata ta ce, "To malam, ai sai abin da aka kawo ake dafawa." Kuma gaskiyarta. Kuɗin cefane ba a hannunta yake ba, rumbu ma ba ita ke buɗe shi ba. Wanda yake riƙe da su ba ya zuwa awo, amma ba ya fashin Juma'a.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Bauchi abin ya haura rabi. Wannan fa tun kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ne, kafin tsadar abinci ta hau fiye da kashi 40 cikin 100 a 2024. Wanda yake son ganin abin da idonsa ya leƙa Kafin Madaki a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa tun 2022. Ya je da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kankama.

Na san abin da za a fara ce mini: talauci ne. Ban musa ba. Akwai gidajen da babu abin da za a raba ballantana a yi maganar wa za a fara zuba wa, kuma waɗannan haƙƙinsu yana wuyan hukuma da masu hali. Amma ba su kaɗai ke kawo mana yaran da suka rame ba. Muna ganin ɗan mai shago, ɗan mai garken awaki, ɗan manomin da ya kai buhunan wake da waken suya kasuwa da kaka bai bar ko tiya goma a gida ba. Maigida zai karya a teburin mai shayi da burodi da ƙwai, da yamma ya tsaya wajen mai tsire, a gida kuwa tuwo ne da miyar kuka wadda ba ta ga ko kan kifi ba. In ma an samu nama ya shiga tukunya, kwanon da za a fitar ƙofar gida wajen ciyayya shi ake fara cikawa, don kada maigida ya ji kunya a gaban maƙwabta. Ciyayya al'ada ce mai kyau, ta rufa wa mutane da yawa asiri. Sai dai kwanon da ya fi kowanne kyau yana tafiya wurin waɗanda jikinsu ya riga ya gama ginuwa. Muna raba abinci bisa girma, alhali buƙatar jiki ba girma take bi ba. Waɗanda suka fi kowa buƙata a gida su ne mai ciki, mai shayarwa, yaron da bai kai shekara biyu ba, budurwar da ta fara al'ada, sai tsoho. Yawanci kuma su ne ƙarshen samu.

Bari in fara da mai ciki, don a nan ne muka fi sakaci ba tare da mun lura ba. Bahaushe ya iya kula da mai jego. Za a dafa mata ƙauri, a gasa mata nama da yaji, a dama kunu, 'yan uwa su yi ta kawo kwano. Amma wata taran da suka gabata fa? Ita ce ta yi surfe, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta ci abin da ya rage. Jinin da za ta shiga naƙuda da shi a cikin waɗannan watanni ake tara shi, ba ranar suna ba. Wancan bincike na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan, kuma macen da ta zo da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita sai ta tafi da ita. Ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awo, mai ɗauke da sinadarin ƙarfe da folik asid, kullum ake so a sha ta har a haihu. Mata da yawa suna ajiye ta saboda an ce musu tana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwarsa. Wasu ma rage cin abinci suke yi da gangan saboda wannan tsoro. Ɗan da aka haifa ƙarami ƙwarai shi ya fi shiga haɗari a makonninsa na farko, uwar da ba ta da ƙarfi kuma ita ta fi wahala a naƙuda. Abin da ake nema wurin miji bai fi ƙarfinsa ba: ya bar ta ta je awo tun ciki yana ƙarami, ya ƙara mata kwano ɗaya a kan abin da ta saba ci, ya ga cewa wake, gyaɗa, zogale, rama, hanta ko busasshen kifi suna shiga cikinta, ba cikinsa kaɗai ba. Kuma ta raba shan shayi da lokacin cin abinci, don ganyen shayi yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe, lemo da gwaba kuwa taimaka masa suke yi.

Ko jegon ma akwai gyara. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar mai jego kuwa ta riga ta gaji. Kunun gyaɗa ya fi mata. Wannan maganar in ni na faɗe ta, kakar yaro za ta ce yaushe aka haife ni. In liman ya faɗa, ɗanta zai koma gida ya lallashe ta.

Allah ya gafarta malamai, aya ta 233 ta Suratul Baƙara ku kuka koya mana ita: uwaye su shayar da 'ya'yansu shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, ci da tufatar da su kuma yana kan uban ɗan gwargwadon abin da aka sani. Sau da yawa ana karanta mana rabin farko, a wuce rabi na biyu da sauri. Shekara biyun nan, in aka haɗa da watannin ciki, su ne kwana 1,000 da masana lafiya ke ta nanatawa. A cikinsu ƙwaƙwalwa ke yin mafi yawan ginuwarta, kuma tsumburewar da ta kama yaro a wannan lokaci da wuya ta sake shi. Kowane manomi ya san geron da ya rasa taki yana ƙarami, ko an zuba masa buhu guda bayan ya fitar da kai ba zai kamo na maƙwabci ba. Shi ya sa zancen "in ya girma zai ci" yake ba ni tsoro.

A wasu gidajen har yanzu ana matse dakashi a zubar, a ce nono ne mara kyau, a riƙa ba jariri ruwa ko madarar akuya har "nonon kirki" ya zo. Dakashin nan shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka, kuma ana so a sa shi a nono cikin sa'a guda da haihuwarsa. Daga nan har wata shida nono zalla, ko ruwa ba a ba shi. Iyaye kan ce, "Da zafin Azare ko na Gamawa a watan Afrilu za a hana yaro ruwa?" Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Uwar ce za ta sha ta ƙoshi, shi kuma a yawaita ba shi nono. Ruwan randa da ake ɗura masa yana cike ɗan cikinsa ya rage tsotso, yana kuma shigar da gudawa. A 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran ƙasar nan ke samun nono zalla.

Akwai wani ɓangare a nan da ya fi zama naku fiye da nawa, kuma da ladabi nake taɓo shi. Shafa ɗan taunannen dabino a ganɗar jariri sunna ce, ba ita nake nufi ba. Ina nufin rubutun sha da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa ɗan kwana uku. In malam ya ce wa uba, "Uwar ta sha, shi kuma a yi masa addu'a a tofa," an samu abin da ake nema ba a sa yaro gudawa ba. Haka zuma. Waraka ce kamar yadda ya zo a Suratun Nahli, amma ba a ba wanda bai shekara ba, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashe ta ba, mai iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara.

Daga wata shida nono shi kaɗai ba ya isa, kuma a nan ne yawancin yaranmu ke fara zamewa. Abin da aka saba shi ne a tsinka koko ya zama ruwa-ruwa, a zuba suga, a ba yaro. Cikinsa zai cika, ya yi barci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, don haka duk cokalin da zai shiga sai ya zama mai amfani. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya, ko ɗan manja, ko dakakken busasshen kifi. Garin da ake kira Tom Brown ba wani abin Turawa ba ne: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya sama-sama a niƙa. Duk a gonakinmu suke. Ɗan wata shida zuwa takwas ya ci sau biyu ko uku a yini, daga wata tara zuwa shekara biyu sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, gwanda ko mangwaro ko dafaffiyar kabewa, nono kuma bai tsaya ba. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, a zauna a ba shi. Ɗan shekara ɗaya da rabi da aka haɗa kwano ɗaya da yayyensa huɗu, kafin ya kai loma biyu baki sun suɗe kwanon.

Gyaɗar ma a duba wadda ake bari a gida. Mun saba mu tsince mai kyau mu kai kasuwa, mu bar wa iyali ruɓaɓɓiya da wadda ta yi fumfuna. Fumfunar gyaɗa da masara tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma soyawa ba ta kashe ta.

Sai maganar ƙwai. An ce yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata. Ban san wanda ya fara faɗar wannan ba, amma ina zargin mai son ƙwan ne. Zabi da damina suke yin ƙwai, daidai lokacin da tamowa ta fi tsanani. A dafa, a ɗora wa yarinya a faranti ta kai tasha, matafiya su saya su ci, ƙaninta na goye bai ɗanɗana ko ɗaya ba. Ku gaya wa mutane wannan camfi ba shi da asali a addini, za ku ga aiki.

Haka batun kwanika. Da zarar mai goyo ta ga ta samu ciki, a ranar za a cire yaro daga nono, a shafa wa nonon abu mai ɗaci, a kai shi gidan kaka, wai nonon ciki guba ne. Yaro ɗan wata goma ya rasa nono da uwa a yini ɗaya, ya ƙi cin abinci, bayan 'yan makonni a kawo mana shi ƙafa a kumbure. Ku kuka fi ni sanin hadisin da Imam Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi niyyar hana gila, wato saduwa da mace mai shayarwa ko shayar da yaro alhali uwar tana da ciki, sannan ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ta cutar da 'ya'yansu, sai ya bari. Likitanci ma bai ga guba a nonon mai ciki ba. Abin da take buƙata ƙarin abinci ne, yaye kuma a yi shi sannu a hankali.

In yaro ya rame, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura har in an danna da yatsa wurin ya lotsa, wurinku ake fara zuwa kafin a zo wurinmu, a ce kambun baka ne ko maita. Ku yi masa addu'a, sannan ku ce a wuce asibiti a ranar. Muna da ɗan ma'aunin da ake naɗawa a damtsen yaro. In ya nuna ƙasa da santimita 11.5, wato ja, yaron yana bakin haɗari. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da suga da sinadaran bitamin, magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Raba shi ga sauran yara, ko maigida ya shafa a burodi, ko a kai shi kasuwa, cin amanar mara lafiya ne. Hukuncin wannan ku za ku faɗa.

Yaran makaranta ba zan daɗe a kansu ba. Su karya kafin su fita, ko da ɗumame ne ko ƙosai da koko, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma almajiri ɗan shekara bakwai da cinsa ya rataya a kan ragowar gidajen da su ma ba su ƙoshi ba, uban da ya kawo shi ya sani ciyarwa ba ta sauka daga wuyansa don ya miƙa shi ga alaramma ba.

'Yan mata kuwa, daga lokacin da suka fara al'ada suna rasa jini duk wata, ga jiki yana tsakiyar girma. Yarinyar da aka kai ɗaki da ƙarancin jini, ta ɗauki ciki ita ma ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta abinci ɗaya suke wawaso. Kayan ɗaki muna fara tara su shekaru kafin biki. Lafiyar wadda za ta zauna a ɗakin ba mai tanadinta.

Mu magidanta matsalarmu ta juya. Hawan jini da ciwon suga, da a da ake ce musu ciwon masu kuɗi, yanzu har ƙauye sun shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A lissafa gishirin miya, da dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa uku-uku, da yajin tsire, da taliyar leda wajen mai shayi. A ƙara da sugan shayi da lemon kwalba da ya kori ruwa a wajen walima. Daddawa tana nan, ta rage mana buƙatar dunƙule. Hadisin kasa ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kun sha karanta mana shi da azumi. A karanta shi a sauran watanni ma. Abin da maigida zai rage don lafiyarsa, kuɗinsa ya isa ya sayi ƙwan yaro.

Tsofaffi su ne ba a cika tunawa da su ba in ana zancen abinci mai gina jiki. Haƙora sun zube, sha'awar abinci ta ragu, ƙishirwa ma ba ta cika damunsu ko da jiki ya bushe. Sai a ga tsohuwa ta wuni a kan koko da goro, in an tambaya a ce, "Ai ba ta son cin abinci." Ba ta iya tauna abin da aka kawo ba ne, kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya wa suruka ba. Jikin tsoho yana zubar da tsoka, don haka buƙatarsa ta abinci mai gina jiki ba ta ragu ba, cikinsa ne ya rage ɗauka. Alala, faten wake, kunun gyaɗa, fura da kindirmo, kifi, naman da aka dafa ya yi lugub, kaɗan-kaɗan sau da yawa, da ruwa a kusa da shimfiɗarsa. Wanda yake shan maganin suga ko na hawan jini kuma ya ga likita kafin Ramadan ya kama. Sauƙin da shari'a ta yi wa tsoho da mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa a kan azumi, mutane da yawa kunyar karɓarsa suke yi, sai sun ji daga bakinku. Idan kuna fassara aya ta 23 ta Suratul Isra'i kan kyautata wa iyayen da tsufa ya kama, ku sa da wannan tambayar: yau me tsohuwarka ta ci, kuma ta iya taunawa?

Ba a mumbari kaɗai kuke da dama ba. Ku kuke ɗaura aure, a gabanku waliyyi ke cewa an ba shi ita bisa cinta da shanta da suturarta, kowa ya shafa fatiha a watse ba a ce ga abin da "ci" yake nufi ba. Ku kuke raɗa suna, uban jariri yana zaune a gefenku, kunnensa a buɗe. Minti biyu sun isa a tuna masa hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa yana da lada a kanta, da wanda ya nuna dinarin da aka kashe wa iyali ya fi sauran lada.

Lokaci biyu nake roƙon ku fi matsawa. Da kaka, kafin motoci su kwashe wake da gyaɗa da waken suya daga kasuwanninmu, a ce wa manomi ya ware na gida tukuna, ya shanya zogale da kuka a inuwa ya adana. Sai kuma gab da faɗuwar damina, a tuna wa iyaye alamomin tamowa da makon lafiyar mata da yara, inda ake ɗiga wa 'yan wata shida zuwa shekara biyar bitamin A. In kuna son wanda zai tsaya bayan sallama ya nuna wa jama'a yadda ake auna damtsen yaro, ku aika asibitin unguwarku ko na garinku, za a turo. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa kuma a sahun farko suke zama, kusa da ku. Ku tambaye su ko asibitocin yankinsu suna da abincin tamowa da ƙwayar ƙarin jini a wannan watan, su ba ku amsa a gaban jama'a.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya. Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
wani ma'aikacin lafiya a matakin farko, Jihar Bauchi.